Shekara Biyu da Kwana Bakwai: Yadda Aka Fito da Wata Marubuciya Daga Kurkukun Biyetnam

Marubuciyar intanet da wannan nazari ya shafa, Nguyen Ngoc Nhu Quynh, 'yar birnin Nha Trang ce, a gaɓar tekun Biyetnam, uwar yara biyu, wadda a da sana'arta yi wa 'yan yawon buɗe ido jagora. An kama ta ranar 10 ga Oktoba 2016, kotu ta yanke mata shekara 10, ta fito ranar 17 ga Oktoba 2018. A tsakanin waɗannan ranaku masu neman a sake ta sun ƙwanƙwasa ƙofofi da dama: kotunan ƙasar, Majalisar Ɗinkin Duniya, ofisoshin jakadanci, masu ba da lambobin yabo, har da uwargidan shugaban Amurka. Za mu bi su yadda suka faru.

## Kafin kamu: 2006 zuwa 2015

A Biyetnam ba a ba mutum lasisin buɗe jarida ko gidan rediyo nasa na kansa. Kowace kafar labarai tana ƙarƙashin wata hukumar gwamnati, ko reshen Jam'iyyar Kwaminis, ko ƙungiyar da jam'iyyar ta amince da ita, kuma sashen farfaganda na jam'iyya kan tara editoci ya faɗa musu abin da za a taɓa da wanda za a ƙyale. Katin aikin jarida ma daga gwamnati yake fitowa. Saboda haka idan aka ce ɗan jarida mai zaman kansa a can, ana nufin mutum da wayarsa da shafinsa na intanet: ba ofis, ba albashi, ba lauyan kamfani da zai tsaya masa ranar da ta ɓaci.

Marubuciyar ta fara rubutu a 2006. A Satumbar 2009 'yan sanda suka tsare ta kusan kwana goma saboda adawa da haƙar ma'adinin alminiyom da aka ba kamfanin ƙasar Sin a tsaunukan tsakiyar ƙasar. A 2013 tana cikin waɗanda suka kafa haɗakar marubutan intanet na Biyetnam, haɗakar da ta fitar da takardar neman a soke sashe na 258 na dokar manyan laifuka, ta kuma kai ta hannu da hannu ofisoshin jakadanci a Hanoi, babban birnin ƙasar. A dokar wancan lokaci, wannan sashe yana hukunta abin da ya kira amfani da 'yancin dimokuraɗiyya wajen cutar da muradun ƙasa. Wanda ya fi shi tsanani shi ne sashe na 88, farfagandar adawa da gwamnati, mai ɗaurin shekara 3 zuwa 12, har zuwa 20 idan kotu ta ce laifin ya yi muni ƙwarai.

Aikinta da ya fi ɓata wa hukuma rai shi ne wani kundi da ta haɗa na mutum 31 da suka mutu a hannun 'yan sanda. Ba wani asiri ta bankaɗo ba: rahotannin jaridun gwamnati ta tsinto ta jera su wuri ɗaya.

Tallafin waje ya fara zuwa tun a wannan zamani. A 2010 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba ta tallafin Hellman/Hammett na marubutan da ake gallaza wa. A 2015 ƙungiyar Civil Rights Defenders ta ƙasar Suwidin ta ba ta lambar gwarzuwar shekara. Ba ta samu zuwa karɓa ba, domin an hana ta fita ƙasar.

## Mutuwar kifi da kamun 10 ga Oktoba 2016

A Afrilun 2016 matattun kifaye suka fara cika gaɓar teku a larduna huɗu, Ha Tinh, Quang Binh, Quang Tri da Thua Thien-Hue, tsawon kimanin kilomita 200. Sai ranar 30 ga Yuni gwamnati ta sanar cewa dagwalon masana'antar ƙarfe ta Formosa, mallakin kamfanin Taiwan, shi ne sanadi, kuma kamfanin zai biya diyyar dala miliyan 500. A watannin da aka yi ana ƙumbiya-ƙumbiya, marubutan Facebook ne suka riƙe labarin, ita ma tana cikinsu.

Ranar da aka kama ta, ta raka mahaifiyar wani ɗan fafutuka ne zuwa gidan yarin da yake tsare a lardin Khanh Hoa. Daga nan aka wuce da ita gida aka yi bincike. Cikin kayan da aka kwashe aka nuna a matsayin shaida har da kwalayen zanga-zanga, ɗaya an rubuta masa cewa kifi na buƙatar ruwa mai tsafta. Tuhuma: sashe na 88. Yaran biyu suka koma hannun kakarsu.

## Wata takwas ba lauya: Oktoba 2016 zuwa Yuni 2017

Abu na farko da magoya baya suka ci karo da shi doka ce a rubuce. Dokar shari'ar laifuka ta Biyetnam ta ba mai gabatar da ƙara ikon hana lauya shiga duk shari'ar da ta shafi tsaron ƙasa har sai an kammala bincike, binciken kuwa wata huɗu ne da ake iya sabuntawa. Ko an ɗauki lauya ranar kamu, zaman jira zai yi. Iyali ma ba sa ganin wanda aka tsare. Marubuciyar ba ta ga lauya ba sai ranar 20 ga Yuni 2017, saura kwana tara shari'a. A ganawar ne aka ji irin zaman da ta yi, har audugar mata an hana ta.

A wannan tsakanin an gwada hanyoyi uku.

Ta farko sanarwa. Cikin mako guda da kamun, jakadan Amurka a Hanoi, da wakilin Tarayyar Turai, da kwamishinan kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, Zeid Ra'ad Al Hussein, duk sun nemi a sake ta. Amsar Hanoi ita ce wadda ta saba bayarwa: ba a ɗaure kowa don ra'ayinsa, masu karya doka ake hukuntawa.

Ta biyu ƙorafi ga kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba. Dalilin zaɓen wannan kwamiti yana da muhimmanci ga duk mai irin wannan aiki. Biyetnam ta shiga yarjejeniyar duniya kan 'yancin jama'a da siyasa tun 1982, amma ba ta amince da ƙarin da ke ba ɗaiɗaikun mutane damar kai ƙarar gwamnatinsu ba, don haka waccan ƙofa a rufe take. Wannan kwamiti kuwa, mai ƙwararru biyar, yana karɓar ƙorafi a kan kowace ƙasa, daga iyali ko lauya ko ƙungiya, ba sai an gama da kotunan gida ba. Ana rubuta masa ranar kamu, wanda ya yi kamun, ko an nuna sammaci, sashen da aka yi tuhuma da shi, da inda ake tsare da mutum. Ya aika wa gwamnati, ta samu kwana 60 ta ba da amsa, sannan ya fitar da ra'ayi a ɗaya daga zamansa uku na shekara. A zamansa na Afrilun 2017 ya ce tsare ta ya saɓa ƙa'ida, a sake ta. Ra'ayin kwamitin ba ya tilasta wa kowa, kuma ba a sake ta ba.

Ta uku lambar yabo. Ranar 29 ga Maris 2017 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sanya ta cikin jaruman matan duniya na shekarar, Melania Trump, uwargidan shugaban Amurka, ce ta miƙa lambobin, marubuciyar kuwa tana tsare. Hanoi ta nuna fushinta, tana cewa bai dace a karrama wanda ake bincike a kansa ba.

Sai a lura da yanayin kasuwa a lokacin. A Mayun 2016 Obama ya ɗage wa Biyetnam takunkumin sayen makamai. A Janairun 2017 Trump ya janye Amurka daga yarjejeniyar cinikayya ta ƙasashen gaɓar tekun Pasifik, TPP, wadda Biyetnam ke ciki. Abubuwa biyu da Hanoi ta daɗe tana nema a hannun Amurka, ɗaya ta samu, ɗaya ya bi ruwa. Ranar 31 ga Mayu 2017 firaminista Nguyen Xuan Phuc ya shiga fadar White House, marubuciyar tana tsare ba lauya.

## Kotu biyu: 29 ga Yuni da 30 ga Nuwamba 2017

Shari'ar farko a kotun lardin Khanh Hoa yini ɗaya aka yi ta. Shaidun su ne rubuce-rubucenta na Facebook, kundin nan na mutum 31, da hirarrakin da ta yi da kafofi irin su Muryar Amurka da Radio Free Asia. Ba a bar mahaifiyarta ta shiga zauren ba, a wani ɗaki daban ta kalla ta allo. Hukunci: shekara 10.

Doka ta ba da kwana 15 na ɗaukaka ƙara, kuma ta ɗaukaka. A irin waɗannan shari'u sassauci yana tafiya ne da amsa laifi da nuna nadama, ita kuwa ta ƙi. Ranar 26 ga Nuwamba, saura kwana huɗu a zauna, ƙungiyar lauyoyin lardin Phu Yen ta soke sunan ɗaya daga lauyoyinta, bai samu tsaya mata ba. Lauyoyin da ke karɓar irin wannan shari'a a ƙasar 'yan ƙalilan ne, an kuma san su, don haka cire mutum ɗaya gargaɗi ne ga sauran.

Kafin nan an yi wani yunƙuri da ya ja hankalin jaridu sosai. Da yake za a yi taron ƙolin APEC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Asiya da Pasifik, a birnin Da Nang na Biyetnam a Nuwamba, 'yar marubuciyar ta rubuta wa Melania Trump wasiƙa da hannunta tana roƙon a taimaka a dawo mata da uwarta. Trump ya je Biyetnam, uwargidan ba ta bi shi zuwa can ba.

Ranar 30 ga Nuwamba kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da shekara 10 cikin 'yan sa'o'i, aka kuma doki wasu magoya bayan da suka taru a waje. Washegari, 1 ga Disamba, wakilan Tarayyar Turai suka zauna da gwamnatin Biyetnam a Hanoi domin tattaunawarsu ta shekara-shekara kan haƙƙin ɗan Adam.

## Kurkuku mai lamba 5: Fabrairu zuwa Yuli 2018

A Fabrairun 2018, gab da bikin Tet, sabuwar shekarar gargajiya wadda kowa ke komawa gida dominta, aka ɗauke ta zuwa kurkuku mai lamba 5 a lardin Thanh Hoa, can arewa, ba tare da an sanar da iyali ba. Sai da mahaifiyar ta je ziyara ta tarar ba ta nan.

Daga Nha Trang zuwa Thanh Hoa ta layin dogo kilomita 1,140 ne, kusan tazarar Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kwana guda cur, sannan a hau mota zuwa gundumar Yen Dinh inda kurkukun yake. Doka ta ba fursuna ziyara sau ɗaya a wata, wadda ba ta wuce sa'a ɗaya, ana yin ta a gaban gandiroba. Ke nan tsohuwa mai riƙon jikoki biyu za ta kashe kwana biyu zuwa uku da kuɗin mota da na masauki da na sayayyar abinci da magani domin ganawar sa'a guda. Mai da fursuna nesa da gida dabara ce da aka saba yi wa fursunonin siyasa a ƙasar, kuma iyali take nufa.

Amma wannan sa'a guda ita ce kaɗai tagar da labari ke fitowa ta cikinta. Abin da mahaifiyar ta ji takan rubuta a Facebook ko ta faɗa wa gidajen rediyon waje, ƙungiyoyi su ɗauka su fassara, jami'an jakadanci su samu abin tambaya a kai. Ta nan aka san marubuciyar ta yi yajin cin abinci a watan Mayu, ta kuma sake shiga wani ranar 6 ga Yuli saboda barazanar wata da aka haɗa su ɗaki. Ta janye shi ranar 23 ga Yuli, bayan wani jami'in ofishin jakadancin Amurka ya samu ganinta a kurkukun.

Irin wannan ɗawainiya ce ta sa a 2018 wata 'yar fafutuka a Hanoi, Nguyen Thuy Hanh, ta buɗe asusun taimakon iyalan fursunonin siyasa, inda ake roƙon kowa ya ba da dong 50,000 na kuɗin ƙasar, wajen dala biyu. Ƙananan kuɗi daga 'yan ƙasa da yawa sun fi wuyar laƙaba wa sunan kuɗin maƙiya na waje.

A waje kuwa, a Yuni ƙungiyar CPJ mai kare 'yan jarida ta sanar da ba ta lambarta ta shekara. A Yuli aka shirya nuna wani fim kan iyalinta a kulob ɗin wakilan jaridun waje da ke Bangkok, 'yan sandan Tailan suka sa aka soke bayan ofishin jakadancin Biyetnam ya yi ƙorafi.

Wani abu kuma yana motsi a Turai. A Yulin 2017 an sace wani tsohon jami'in kamfanin man Biyetnam, Trinh Xuan Thanh, a tsakiyar birnin Berlin, Jamus ta zargi jami'an leƙen asirin Hanoi, ta jingine ƙawancenta na musamman da ƙasar. Ga kuma yarjejeniyar cinikayya da Tarayyar Turai, wadda aka gama tattauna ta tun 2015, tana jiran sa hannu. Ranar 7 ga Yuni 2018 aka fito da lauya Nguyen Van Dai, wata biyu kacal bayan an yanke masa shekara 15, aka sa shi a jirgi zuwa Jamus.

## 17 ga Oktoba 2018

Da sassafe aka ɗauko marubuciyar daga kurkuku kai tsaye zuwa filin jirgin saman Noi Bai na Hanoi. A cikin jirgi ta haɗu da mahaifiyarta da yaran, suka bi ta Taipei suka sauka Houston. Gwamnatin Biyetnam ta ce an jingine hukuncin ne saboda jinƙai. Ofishin jakadancin Amurka ya ce ita da iyalinta sun riga sun shaida wa jami'ansa cewa idan an sake ta Amurka take son zuwa. Ita kanta ta ce da son samu ne da ta zauna a ƙasarta, yaran ta duba.

A wannan rana sakataren tsaron Amurka, Jim Mattis, yana Biyetnam, ya ziyarci sansanin jiragen Bien Hoa inda Amurka za ta biya kuɗin kwashe gubar da ta bari tun zamanin yaƙi. A ranar ce kuma hukumar Tarayyar Turai ta amince da yarjejeniyar cinikayyar ta miƙa ta gaba domin sa hannu, firaminista Phuc yana Turai zai halarci taron ƙolin Asiya da Turai da aka buɗe washegari a Brussels. Ranar 20 ga Nuwamba ta karɓi lambar CPJ da hannunta a New York.

## Bayan fitarta: 2019 zuwa 2022

An sa hannu kan yarjejeniyar ranar 30 ga Yuni 2019, majalisar Turai ta amince ranar 12 ga Fabrairu 2020, ta fara aiki 1 ga Agusta 2020. Sashe na 88 ya riga ya koma sashe na 117 a sabuwar doka, mafi ƙarancin ɗaurinsa ya tashi daga shekara 3 zuwa 5. Pham Chi Dung, shugaban ƙungiyar 'yan jarida masu zaman kansu, wanda ya roƙi majalisar Turai ta dakata da amincewa, an kama shi a Nuwambar 2019, ranar 5 ga Janairu 2021 aka ba shi shekara 15, abokan aikinsa biyu shekara 11 kowanne. A Janairun 2020 banki ya rufe asusun da Nguyen Thuy Hanh ta tara gudummawar ta'aziyya a ciki, a Afrilun 2021 aka kama ta. A 2022 aka ɗaure wasu shugabannin ƙungiyoyi, har da ɗan jarida Mai Phan Loi, da tuhumar ƙin biyan haraji a kan kuɗin tallafi daga waje.

## Auna abin da aka yi

Kotunan gida ba su rage ko kwana ɗaya ba. Amfanin lauya a nan shi ne ido da kunne: shi ya fara ganinta, shi ya karanta takardar tuhuma ya fito da abin da ke ciki. Wanda zai biya kuɗin lauya a irin wannan shari'a ya san abin da yake saye ke nan, ya kuma san lasisin lauyan na iya tafiya.

Lambobin yabo ba su zama garkuwa ba. Tana da biyu aka kama ta, wata uku bayan ta uku aka ba ta shekara 10. Sai dai ba duka suke ɗaya ba. Ta ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta mai da lamarinta abin da gwamnati guda ta sa sunanta a kai, wanda jami'anta ke da hujjar tayarwa a kowace ganawa da neman izinin ziyara a kurkuku. Ra'ayin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ma nan amfaninsa yake: takarda ce da jami'in jakadanci zai ajiye a tebur ba tare da an ce ƙasarsa ce kaɗai ke tsoma baki ba. Wasiƙar yarinyar ta taɓa zukata, amma an rataya ta ne a kan tafiyar mutum ɗaya, kuma a ganinmu nauyi ne da bai kamata a ɗora wa ƙaramar yarinya da ke zaune a gaban idon 'yan sanda ba.

Abin da ya buɗe ƙofar haɗuwar abubuwa uku ne. Akwai ƙasar da ta yarda ta karɓe ta tare da mutum uku na gidanta. Akwai yardarta, wadda sai an gan ta ido da ido ake samu, shi ya sa ziyarar wata-wata da ta jami'in jakadanci suka fi duk wata sanarwa nauyi, kuma kuɗin jirgin ƙasan tsohuwar nan ya fi kuɗin da yawa daga tarukan da ake yi a otal amfani. Na uku, makon da Hanoi ke son a gan ta da fara'a a Washington da Brussels lokaci guda. A 2017 ba ta neman komai da gaggawa, duk ƙwanƙwasar ta tashi a banza. Ruwa ba ya tsami banza: marubutan intanet Nguyen Van Hai a 2014 da Ta Phong Tan a 2015, da lauya Nguyen Van Dai a 2018, duk daga kurkuku sai filin jirgi.

Farashin kuma a bayyane yake. Hukuncin yana nan, saura kusan shekara takwas a rataye idan ta koma. Mai zuwa bakin teku ta ɗauki hoto, ta bi iyayen waɗanda suka mutu a caji ofis, ta tashi daga Nha Trang. Gwamnati ta raba kanta da mai suka, ta kuma karɓi godiya a kai.

Wannan ne ya sa tambayar ko mutum zai yarda a fitar da shi ƙasar waje ta zama abin da ya kamata ƙungiya ta yi wa ɗan jarida tun yana waje, a rubuta, tare da wanda zai yi magana da yawunsa, wanda zai riƙe yara, da wanda zai rufe shafukansa ranar da aka ƙwace waya. Pham Doan Trang, ɗaya daga waɗanda suka kafa mujallar shari'a ta Luat Khoa, ta yi haka. Ta rubuta wasiƙa ranar 27 ga Mayu 2019 ta ba abokai su ajiye, a fitar idan an kama ta. A ciki ta ce ba za ta amsa laifi ba, ba ta son a mai da ita hajar musaya da gwamnatocin waje, a haɗa sunanta da neman sabuwar dokar zaɓe, a kula mata da mahaifiyarta, a kuma kai mata jitarta. An kama ta ranar 6 ga Oktoba 2020, sa'o'i kaɗan bayan tattaunawar Amurka da Biyetnam kan haƙƙin ɗan Adam. Ranar 14 ga Disamba 2021 aka ba ta shekara 9, a Agustan 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar, aka kai ta kurkukun An Phuoc a kudu, mahaifiyarta tana Hanoi. Ita ma ta samu ra'ayin kwamitin nan, da lambar jaruman mata, da ta CPJ. Mujallar tana ci gaba da fitowa, domin ƙungiyar da ke buga ta a Kalifoniya aka yi mata rajista, editocinta kuma suna aiki daga Taiwan. Idan aka ƙirga daga ranar kamu, wa'adin Trang zai cika a Oktoban 2029.